Shuka Tara Babu Suna: Yadda Muka Bi Asalin Wasu Furannin Okid a Jos

Shekara biyu da suka wuce, a ƙarshen damina, maƙwabtan goggona da ke unguwar Rayfield a Jos suka tashi zuwa Abuja. Matar gidan ta daɗe tana kiwon fulawa, kuma da motar kaya ta cika maƙil sai ta tsallako da abin da ya rage: tukwane takwas na furen okid, da wani ƙaton curi mai kara kamar na rake, ɗaure a jikin guntun itace. Ta ce za ta kira ta yi bayanin yadda ake kula da su. Hidimar sabon gida ta sha kanta, kiran bai zo da wuri ba.

Goggo mace ce mai hannun shuka. Wardinta ya fi na kowa a layin, na'ana'arta kuwa har aikowa ake yi a tsinka. Da ta ga tukwanen cike da ɓawon itace da gawayi, babu ko ƙwayar ƙasa, sai tausayi ya kama ta, ta sa yaron da ke mata aikin lambu ya juye su cikin baƙar ƙasa mai taki. Yaron ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya wanke tukwane, ya tankaɗe ƙasa, ya zare wasu 'yan fararen robobi da ya gani soke a gefen kowace tukunya, ya haɗa da shara ya ƙona. Guda ɗaya ce ta tsira, don ta manne a jikin saiwa.

Bayan sati uku ganye ya fara yamushewa. Goggo ta ɗauka ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Da abin ya ci tura sai ta kira ni, tunda renon dashen itatuwa da fulawa nake yi a hanyar Bukuru. Ni kuma na san iyakata, sai na je na ɗauko wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, wanda ya shafe shekaru yana kiwon okid a bayan gidansa. Baba muke ce masa.

Ranar da aka kife tukwane

Baba bai tsaya dogon bayani ba. Ya shimfiɗa buhu a baranda, ya kife tukunyar farko. Wani wari irin na ruɓaɓɓen dankali ya taso. Saiwoyin sun yi ruwan ƙasa, sun yi laushi, ya kama ɗaya da yatsu biyu ya ja, sai rigar ta zame ta bar wani siririn zare kamar waya. Ya nemo wata da ta tsira saboda ta leƙo waje, ya nuna mana: tauri gare ta, fara sol kamar azurfa. Ya ɗiga mata ruwa, nan take ta koma kore a gaban idonmu. Ya ce wannan farar rigar sunanta belamen, soso ce da ke zuƙar ruwa da sauri sannan ta bushe. Akasarin okid ɗin da ake sayarwa a tukunya, a daji kan reshen bishiya suke zama, saiwarsu a fili tana shan iska. Binne ta cikin ƙasa mai danshi daidai yake da toshe wa mutum hanci.

Sai ya ɗago ya ce, "Hajiya, ina allunan?"

"Wane allo, Malam?"

"'Yan robobin nan masu rubutu."

Da ya ji labarin ƙona su, ya yi shiru jim, sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Yanzu dai duk sun zama NOID."

Ranar na fara jin wannan kalma. Haruffa huɗu ne da masu kiwon okid suka yanko daga Turanci, suna furta su no-aidi, ma'anarsu shukar da ba a san sunanta ba. Ba ciwo ba ne, ba kuma aibi ba ne a jikin shukar. Takardar asalinta ce ta ɓace. Goggo ta ce ita rayuwarsu ta dame ta, suna ya zo daga baya. Baba ya ce gaskiyarta, amma ba za a iya cetonsu ba sai an san aƙalla dangin kowanne, don abin da ke raya wani shi ke kashe wani.

A nan na fahimci rashin sanin sunan okid hawa-hawa ne. Sanin dangi abu ne mai sauƙi ga wanda idonsa ya saba, ko babu fure. Baba ya ware guda biyar gefe ɗaya: faffaɗan ganye mai kauri, suna tsiro daga tsakiya zuwa sama, ba su da kara mai ajiyar ruwa. Ya ce waɗannan Phalaenopsis ne, masu kiwo kan gajarta su ce Fal. Guda biyu masu doguwar kara mai gaɓoɓi ya ce Dendrobium ne, wato Den. Ɗaya mai kumburarriyar kara da ganye guda mai tauri a samanta ya ce dangin Cattleya ce, kuma ita ce mai ragowar allo. Wannan kumburarriyar kara suna kiranta sudobalb, wato albasar ƙarya, rumbun ruwa da abinci ce. Tsofaffin da ganyensu ya zube, waɗanda yaron lambu ya so ya yanke don sun yi masa kama da matattu, su ne ke ciyar da sabon toho. Curin da ke jikin itace kuwa, wanda kowa a gidan ke kira kauci, Baba ya daɗe yana juya shi, ya ce yana da zato mai ƙarfi amma a bari sai ya yi fure.

Muka yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da reza da aka goge da sifirit, muka barbaɗa garin kirfa a bakin yankan, muka mayar da su cikin ɓawon itace da gawayi da fasassun tukwanen ƙasa. Fal biyu sun riga sun yi nisa, ruɓa ta shiga tsakiyarsu, cikin kwana goma suka mutu. Bakwai suka rage.

Abin da ragowar allon ya ce

Rana ta cinye yawancin rubutun, don da alƙalamin maka aka yi shi. Abin da ya rage shi ne "Blc." a farko, sai harafin A, sai fili, sai "AM/AOS" a ƙarshe. A idona wannan tarkace ne. Baba kuwa karanta shi ya yi kamar wasiƙa.

Gidan okid babba ne, jinsunan daji sun kai kusan 28,000, har da banila da ake sa wa kek ƙamshi. Amma abin da ya cika kasuwa haɗin ɗan Adam ne. Tun 1856, lokacin da haɗin farko da wani ma'aikacin lambu mai suna John Dominy ya yi a Ingila ya fitar da fure, mutane ke aurar da wannan jinsi da wancan, har da dangi da dangi. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila, RHS, ita ke riƙe da rajistar waɗannan haɗe-haɗe ta duniya tun 1961, kuma abin da ke ciki ya haura 100,000. Duk 'ya'yan da aka samu daga auren iyaye biyu suna ɗaya ake ba su, ana kiransa gireks. Kalmar Latin ce mai nufin garke, kuma ta dace ƙwarai, don 'yan garke ɗaya ba lallai su yi kama ba. Kamar 'yan uwa ne ciki ɗaya, wani fari wani wankan tarwaɗa, wani dogo wani gajere. Idan ɗaya daga cikinsu ya fita zakka, sai a raɗa masa nasa sunan na kansa, a rubuta tsakanin 'yan alamun zance bayan sunan garken. Baba ya ba mu misali da wani da yake da shi, Oncidium Sharry Baby 'Sweet Fragrance', wanda furensa ke ƙamshin cakulan: na farko dangi, na tsakiya garke, na ƙarshe shuka guda tilo da duk abin da aka yanko daga jikinta.

"Blc." kuwa gajarcen Brassolaeliocattleya ne, wato jinin dangi uku a jiki ɗaya. Baba ya ce wannan ma ya nuna allon ya kwana biyu, don masana sun sake raba dangin, da yawa daga waɗanda ake rubuta wa Blc. a da yanzu Rlc. ake rubuta musu. Haruffan ƙarshe lambar yabo ce daga ƙungiyar masu okid ta Amurka, AOS, wadda aka kafa a 1921. Alƙalansu maki suke bayarwa bisa ɗari: 75 zuwa 79 HCC, 80 zuwa 89 AM, daga 90 zuwa sama FCC. Amma lambar ba ta garke ba ce, ta shuka guda ce mai sunanta. Tunda sunan ya goge, lambar ta zama rawani babu kai.

Goggo ta samu tsohuwar maƙwabciyarta a waya. Matar ta tuna cewa Blc. ɗin kyauta ce daga wata ƙawarta da ta bar ƙasar, kuma furenta ruwan ɗorawa ne da jan leɓe. Sunan kam ya ɓace mata. Fal ɗin a wurin masu fulawa ta saye su, kuma ko allunansu launi kawai aka rubuta da wata lamba. Wannan bai ba Baba mamaki ba. Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci, a daji sai da taimakon wata funfuna yake tsira. A 1922 wani masani a Amurka, Lewis Knudson, ya gano yadda za a tsirar da shi cikin kwalba, sannan a wajen 1960 Georges Morel na Faransa ya nuna yadda za a ninka shuka guda zuwa dubbai daga ɗan ƙwayar tohonta. Daga nan manyan gonaki a Taiwan da Tailan da Holan suka cika duniya da okid mai araha, kuma da yawa a cikinsu tun daga gona ba su fito da cikakken suna ba. Wato Fal ɗin Goggo NOID ne tun kafin wutar shara ta taɓa allunansu.

Hunturu biyu

Jos ta taimake mu. Garin na kan tudu kimanin mita 1,200, kuma sanyin daren ƙarshen shekara shi ne ainihin abin da ke zaburar da Fal ya fitar da sandar fure, wadda masu kiwo ke kira sifayik. Sai dai a tsakiyar hunturu dare kan sauka kusa da digiri 10, wanda ya yi musu yawa, don haka Goggo kan shigar da su falo bayan magariba. Busasshiyar iska kuma sai da muka riƙa jera farantan ruwa da tsakuwa a ƙarƙashinsu. Fal biyu suka yi fure a shekarar farko, ɗaya fari ɗaya ruwan hoda.

Den ɗin biyu ne suka nuna mana inda rashin suna ke cizo. Kulawa ɗaya aka yi musu, ɗaya ya fitar da dogon reshe na fure shunayya daga saman kara, ɗayan kuwa ko fure ɗaya bai yi ba, sai 'yan jarirai da suka ɓullo a gaɓoɓinsa, kowanne da ganye da fararen saiwoyi. Baba ya ce sunan waɗannan keiki, kalma ce ta mutanen Hawai mai nufin yaro. Ya ce wannan alama ce cewa na biyun jinin Dendrobium nobile ne, ɗan asalin gindin tsaunukan Himalaya da kewaye, wanda ke buƙatar a janye masa ruwa da taki a lokacin sanyi kafin ya yi fure. In aka ci gaba da shayar da shi sai ya haifi 'ya'ya a maimakon fure. Da allonsa na nan, da tun farko mun sani. Shekara guda muka biya kafin shukar da kanta ta gaya mana.

A shekara ta biyu Blc. ta buɗe. Fure biyu manya, kowanne ya kusa tafin hannu, ruwan ɗorawa mai kauri kamar an shafa masa kakin zuma, leɓen ja wur mai tattara a baki, da ƙamshi da ya cika baranda da safe. Goggo ta zauna a gabanta da carbinta ta daɗe tana tasbihi.

Maganar ciniki

Wata mata mai sayar da fulawa a Abuja ta zo biki Jos, ta ga furen, ta nemi a raba mata shukar. Ta faɗi kuɗi mai kyau, amma da sharaɗi: a haɗa mata da allo mai cikakken suna, don masu saye a wurinta sun fi daraja mai suna da lambar yabo. Ta ciro waya ta ɗauki hoto, wata manhajar gane tsirrai ta ce Alma Kee. Ta sake ɗauka daga gefe, ta ce Toshie Aoki. Dukansu sanannun garke ne masu fure ruwan ɗorawa da jan leɓe. Matar ta ce ai magana ta ƙare, ga A a jikin tsohon allo, ga hoto ya yi daidai, a rubuta Alma Kee kawai.

Goggo ta dube ni. "Kai ɗan nan, me ka gani?"

Ba zan ɓoye ba, a raina na karkata ga cewa Alma Kee ce, har yau ma haka nake zato. An ninka ta da yawa, ta yaɗu a ƙasashe, launin ya dace, harafin ya dace. Na ce mu ji ta bakin Baba tukuna.

Baba ya ce shi ma zatonsa ke nan. Sannan ya ce, "Hajiya, kama da wane ba ta wane." Garke masu wannan launi suna da yawa, kuma ba ita kaɗai ce sunanta ya fara da A ba. Launin fure kansa yana sauyawa da sanyi da hasken rana, furen da ya buɗe a Jos ba lallai ya yi daidai da hoton wanda ya buɗe a Bankok ba. Ko da garken ya tabbata, wa zai rantse cewa wannan ita ce ainihin shukar da aka ba lambar? Kuma allo ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Mai fulawa za ta raba ta sayar, wanda ya saya zai raba ya bayar, wani zai aurar da ita ya rubuta ta a matsayin uwa. Zato guda na baranda sai ya zama nasabar ƙarya ga zuriya sukutum, kuma babu wanda zai iya komawa ya warware.

Wannan hujja ta kama ni, don a sana'ata na ga abin da suna na bogi ke yi. Manomi ya sayi dashen mangwaro da sunan wani iri, ya yi shekara huɗu yana ban ruwa, ranar da ya yi 'ya'ya ya ga ba shi ba ne. Wanda ya rubuta sunan wataƙila bai yi niyyar cuta ba, zato ya yi ya mayar da shi tabbas. A ganina allon shuka amana ce, shaida ce da mutum ke bayarwa ga wanda bai taɓa gani ba.

Goggo ta yanke hukunci. Aka rubuta a gaban allo: Rlc. NOID, ruwan ɗorawa, jan leɓe. A bayansa aka rubuta: wataƙila Alma Kee, da alamar tambaya, da bayanin abin da ya rage a tsohon allo. Ba a sa lambar yabo ba. Mai fulawa ta rage kuɗin da kusan rabi, ta kuma nuna ba ta ji daɗi ba. Goggo ta karɓi abin da aka ba ta, ta haɗa mata da keiki biyu kyauta.

Wanda ya dawo da sunansa

Curin jikin itacen nan shi ya ba mu labari na dabam. Tun farko Baba ya hana a kira shi kauci, don kauci shan jinin bishiya yake yi, wannan kuwa aron wurin zama kawai yake yi. Abin da ya sa shi zato shi ne wasu siraran fararen saiwoyi da suka miƙe sama tsaye kamar tsintsiya, suka yi kwando a gindinsa suna tare busassun ganye, ganyen su ruɓe su zama takinsa. Da rani ya shigo ya fitar da reshe mai rassa, furanni masu yawa, ruwan ɗorawa da ya ɗan ja kore, da ɗige-ɗige ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Baba ya duba leɓen furen, ya duba karan, ya ce babu sauran shakka: Ansellia africana.

Na tambaye shi me ya sa a nan ya yarda ya faɗi suna, a can ya ƙi. Ya ce wannan ɗan daji ne, ba haɗin mutum ba. Jinsin daji an siffanta shi a rubuce, akwai busassun samfura a ɗakunan ajiyar tsirrai irin na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, ana iya kwatantawa gaɓa da gaɓa. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Ƙari a kan haka, shi kaɗai ne jinsi a danginsa. An sa masa sunan John Ansell, wanda ya tsinto shi a tsibirin Fanando Po (Bioko na yanzu, a ƙasar Equatorial Guinea) lokacin tafiyar Turawan Ingila ta kogin Kwara a 1841, kuma yana yaɗe a sassa da yawa na Afirka har da Najeriya.

Wata tsohuwa 'yar uwar mijin Goggo da ta zo daga Bauci ta gan shi ta ce, "Ai wannan manta-uwa ce." Ta ce sun taso suna jin ana nemanta lokacin yaye. Baba ya tabbatar da sunan, ya ƙara da cewa ba ita kaɗai Hausawa ke kira haka ba, akwai wani tsiro na ƙasa da ba su haɗa dangi ba shi ma manta-uwa ake ce masa. Sunanmu na gida yana faɗin abin da ake yi da tsiro, na masu kiwo yana faɗin wanda ya haife shi. Muka rubuta duka biyun a allo ɗaya. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne yadda ya zo Jos: tsohuwar mai shi a bakin hanya ta saye shi daga wani da ya ɓamɓaro shi a daji. Irin wannan ɓamɓara tana rage shi a inda yake, kuma duk okid na cikin yarjejeniyar CITES da ke sa ido kan fataucin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ta sa wa hannu. Goggo ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, in ya yi yawa a raba wa masu iya riƙo.

Yanzu kowace tukunya a barandar tana da allo biyu, ɗaya a soke a gefe, ɗaya a binne a ƙasan ɓawon itace, duka da fensir, don fensir ba ya gogewa a rana kamar maka. Goggo ta ware wani littafi mai bango ja, kowace shuka da shafinta: daga ina ta zo, yaushe aka sauya mata tukunya, yaushe ta yi fure, wane launi. Yaron lambun nan shi ke rubutawa, kuma shi ya fara lura da sandar fure a jikin Fal na uku. Den ɗin da ya haifi jarirai an janye masa ruwa tun farkon Nuwamba, an ajiye shi a kusurwar da sanyin asuba ke bugawa. Ganyensa na ƙasa sun fara zuba, kuma a satin da ya wuce wasu 'yan ƙuraje kore sun ɓullo a gaɓoɓi huɗu na tsohuwar kara. Baba ya zo ya duba da tabaransa, ya ce kada kowa ya kusance shi da buta sai nan da sati uku.